Turare mai ƙamshin ruwa

Turare mai ƙamshin ruwa, wanda masu sana'ar turare ke kira akwatik ko marin, rukuni ne na turarukan zamani da ake haɗawa domin su tuna wa mai shaƙa iskar bakin teku, ko ruwan sama, ko sanyin tafki. Sau da yawa ana gauraya shi da ƙamshin 'ya'yan itatuwa masu ruwa-ruwa kamar kankana, tuffa, abarba da lemo. Wannan haɗin shi ne ya fi karɓuwa a lokacin zafi. Rukunin yana cikin mafiya ƙarancin shekaru a tarihin turare, domin bai bayyana a kasuwa ba sai a ƙarshen shekarun 1980, ya kuma kai ganiyarsa a shekarun 1990.

Abin da ya bambanta shi da sauran rukunai shi ne ba a tatso ƙamshinsa daga abin da aka sa masa sunansa. Ana samun man wardi daga furen wardi, ana samun man sandal daga itacen sandal, amma tsaftataccen ruwa ba shi da ƙamshi, gishiri ma haka. Ƙamshin ruwan da ke cikin kwalba ya fito ne daga wasu sinadarai da aka ƙirƙira a ɗakin gwaje-gwaje, mafi shahara a cikinsu shi ne Calone. Rashin nauyin wannan turare shi ya sa yake daɗin shaƙa a cikin zafi, kuma shi ne dalilin da ya sa yake saurin gushewa daga jiki.

Suna

Kalmar akwatik ta samo asali daga aqua ta harshen Latin, wato ruwa, marin kuma daga mare, wato teku. Akwai kalma ta uku da ake haɗawa da su, ozonik, wadda ke nufin ƙamshin iska mai kaifi irin wadda ake ji bayan tsawa da ruwan sama. Masu sayarwa kan yi amfani da kalmomin uku kamar ma'anarsu ɗaya, amma masu haɗa turare suna rarrabewa: marin ya fi karkata ga gishiri da ciyawar teku, akwatik ga ruwan daɗi da furen bado da kankana, ozonik kuma ga iska.

A Hausa, cewa “turaren ruwa” kawai na iya rikitar da mai sauraro, domin yana iya ɗauka ana nufin turare mai ruwa-ruwa da ake shafawa ko fesawa, kishiyar turaren wuta. Haka nan kalmar Faransanci eau, wato ruwa, da ake gani a jikin kwalabe a cikin eau de toilette ko eau de parfum, ba ta nuna cewa turaren na wannan rukuni ne. Tana bayani ne a kan yawan man turaren da ke cikin kwalbar.

A taswirar rukunan ƙamshi ta masanin turare Michael Edwards, wadda shaguna da kamfanoni da dama ke aiki da ita, rukunin ruwa yana ƙarƙashin babban gida na ƙamshi mai wartsakarwa, kusa da rukunin lemo da na ɗanyen ganye.

Ainihin ƙamshin teku

Abin da mutum ke shaƙa a bakin teku ƙamshin halittun da ke cikin ruwan ne. Ƙananan tsirran da ke yawo a saman teku suna samar da wani sinadari, bakteriya kuma su farfasa shi ya zama iska mai ɗauke da farar wuta, wadda ake kira daimetil salfaid. Idan ta yi kaɗan ita ce ke ba iskar teku ɗanɗanonta, idan ta yi yawa kuma tana wari kamar dafaffen kabeji. Ciyawar teku mai launin ƙasa-ƙasa tana fitar da wasu sinadarai da ƙwayoyin haihuwarta ke amfani da su wajen jawo juna, kuma su ma suna da nasu ƙamshin. Ƙarnin kifi da na sauran halittun ruwa yana ƙara nasa.

Mafi yawan waɗannan ba abin da mutum zai so ya shafa a jiki ba ne. Saboda haka mai haɗa turare ba ya kwaikwayon teku yadda yake. Yana ɗaukar ɓangaren sanyi da tsafta, ya bar ƙarni da ruɓa. Akwai man ciyawar teku na asali da ake tatsowa, amma ɗan kaɗan ake sakawa saboda ƙarfinsa da duhun ƙamshinsa.

Tarihi

Kafin zuwan Calone

Turaren da ake sanyawa don jin sanyi ya daɗe a Turai. A shekarar 1709 Johann Maria Farina, ɗan asalin Italiya da ke zaune a birnin Kolon na Jamus, ya fara sayar da wani ruwan ƙamshi na man lemo da ganyaye, wanda aka sani da eau de Cologne, wato ruwan Kolon. Fiye da shekara ɗari biyu bayan haka, duk wanda ke son turare marar nauyi ga dangin lemo yake komawa. Matsalar man lemo ita ce saurin tashi, domin cikin ɗan lokaci kaɗan yake barin fata.

A 1966 kamfanin Dior ya fitar da Eau Sauvage, wanda Edmond Roudnitska ya haɗa. A cikinsa an yi amfani da Hedione, sinadarin kamfanin Firmenich na Suwizalan mai ƙamshin yasmin marar kauri, wanda ke sa turare ya zama kamar iska na ratsa shi. Roudnitska ya sake matsawa gaba a Diorella na 1972, inda ya shigar da ƙamshi irin na dangin kankana. Waɗannan ba turarukan ruwa ba ne, amma sun share fage.

Gano Calone

An gano Calone a shekarar 1966 a kamfanin haɗa magunguna na Pfizer, ta hannun masana sinadarai uku: J. J. Beereboom, D. P. Cameron da C. R. Stephens. An yi masa rajistar mallaka a 1970. Sunansa ya fito ne daga haruffan farko na Camilli, Albert et Laloue, wani kamfanin kayan turare na garin Grasse a kudancin Faransa da Pfizer ya saya, aka haɗa da ƙarshen sunan dangin sinadaran da yake ciki. Cikakken sunansa na kasuwa shi ne Calone 1951. Farin gari ne mai ƙyalli, kuma tsarinsa na sinadari shi ne C10H10O3. Ana yi masa laƙabi da sinadarin kankana, saboda idan aka tsarma shi sosai yana ba da ƙamshin ɓawon kankana haɗe da iskar teku.

Calone ya yi kusan shekara ashirin ba a damu da shi ba. Kasuwar wancan lokaci ta fi son turare mai kauri da ke cika ɗaki: Opium na Yves Saint Laurent a 1977, Giorgio Beverly Hills a 1981, Poison na Dior da Obsession na Calvin Klein duka a 1985. Sai da mutane suka fara gajiya da irin wannan nauyi kafin aka waiwayi sinadarin.

Shekarun ganiya

A 1988 kamfanin Davidoff ya fitar da Cool Water na maza, wanda Pierre Bourdon ya haɗa, a cikin shuɗiyar kwalba. Sanyinsa ya dogara ne mafi yawa ga wani sinadari mai suna dihaidiromirsinol, mai ƙamshi tsakanin lemun tsami da labanda, wanda aka daɗe ana sakawa a sabulu da garin wanki. A wannan shekarar kamfanin Aramis ya fitar da New West na maza, na mata kuma ya biyo baya a 1990. Ana lissafa New West a cikin turarukan farko da suka fito da Calone fili.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1991 aka samu Kenzo pour Homme na Christian Mathieu, da Escape na Calvin Klein, wanda ya haɗa ƙamshin teku da furanni da 'ya'yan itace. A 1992 mai zanen tufafi ɗan Japan, Issey Miyake, ya nemi a yi masa turare mai ƙamshin ruwa, Jacques Cavallier kuma ya haɗa masa L'Eau d'Issey, mai furen bado da dangin kankana. Sunan wasa ne da kalmomi: ma'anarsa “ruwan Issey”, amma a bakin Bafaranshe lafazinsa ya yi daidai da l'odyssée, wato doguwar tafiyar teku. Na maza ya fito a 1994.

Giorgio Armani ya fitar da Acqua di Giò na mata a 1995, na maza kuma a 1996, wanda Alberto Morillas ya haɗa. Ma'anar sunan a Italiyanci “ruwan Giò”, Giò kuwa gajarta Giorgio ne. An danganta turaren da Pantelleria, wani tsibiri a Bahar Rum tsakanin Sisili da Tunisiya inda Armani ya mallaki gida a lokacin rayuwarsa. Na mazan ya zama ɗaya daga cikin turarukan maza da aka fi saye a duniya. A 1996 ɗin ne kuma Cool Water na mata ya fito, mai ƙamshin 'ya'yan itace da bado.

A wannan zamanin ne al'adar fitar da turaren lokacin zafi ta kafu. Kamfanin Escada na Jamus ya fara a 1993 da Chiffon Sorbet, ya ci gaba da fitar da sabon turare mai ƙamshin 'ya'yan itace kusan kowace shekara, a sayar na 'yan watanni sannan a daina. Wasu kamfanoni suka bi sahu.

Bayan shekarar 2000

Calone ya yawaita har ya shiga sabulun wanka, man wanke gashi da abin fesa wa ɗaki, sai masu haɗa turare suka fara rage shi. Ɓangaren 'ya'yan itace ya ƙara samun wuri. Light Blue na Dolce & Gabbana, wanda Olivier Cresp ya haɗa a 2001, ya ginu a kan lemun tsamin Sisili, koriyar tuffa da itacen al'ul, kuma duk da ana tallarsa da hoton teku, ya fi kusa da rukunin 'ya'yan itace. Aqva pour Homme na Bvlgari ya fito a 2005, Nautica Voyage na Maurice Roucel, mai tuffa da bado, a 2006. Daga baya salon ya karkata ga gishiri da duwatsun gaɓa da busasshen itace, kamar a Wood Sage & Sea Salt na Jo Malone, wanda Christine Nagel ta haɗa a 2014.

Abubuwan da ake haɗa shi da su

Ana bayanin turare ta matakai uku. Ƙamshin farko shi ne wanda ake ji da zarar an fesa, kuma yakan gushe cikin mintuna. Na tsakiya yana biyo baya ya yi 'yan sa'o'i. Na ƙarshe shi ne wanda ke maƙalewa a fata da tufafi. Bambancin yana zuwa ne daga nauyin ƙwayoyin kowane sinadari, domin marasa nauyi sun fi saurin tashi.

A ɓangaren ruwa, bayan Calone akwai Helional, mai ƙamshin kankana da ɗanyen ganye, da Floralozone, mai ƙamshin iska, dukansu na kamfanin IFF na Amurka. Akwai Melonal da Azurone na Givaudan, da Cascalone na Firmenich. Waɗannan sinadarai suna da ƙarfi ƙwarai. Ko a turarukan da suka yi suna da Calone, abin da ake sakawa bai cika wuce kashi 1 cikin 100 na man turaren ba. Idan ya zarce, ƙamshin yakan juye ya koma na ƙarfe ko ƙarni.

A ɓangaren 'ya'yan itace, dangin lemo ne kawai ke ba da mai cikin sauƙi. Ana matse ɓawon lemun tsami, lemun zaƙi, garehul da bagamot a sami mansu. Kankana, tuffa, abarba, mangwaro da ayaba kuwa ruwa ya yi musu yawa, ba a samun man turare daga gare su ta hanyoyin da aka saba. Don haka ana gina ƙamshinsu da sinadarai, waɗanda da yawansu su ne ainihin waɗanda ke cikin ɗan itacen, sai dai an samar da su a masana'anta. Wannan ba sabon abu ba ne, domin tun a 1919 Jacques Guerlain ya yi amfani da irin wannan sinadari a turaren Mitsouko.

Dalilin da ya sa ruwa da 'ya'yan itace ke tafiya tare yana cikin sinadaran kansu. Calone, Helional da Melonal duk suna da ɓangaren kankana ko kokwamba, saboda haka ƙara musu tuffa ko abarba ba ya kawo karo. Zaƙin 'ya'yan itacen yana kuma rufe kaifin ƙarfe da sinadaran ruwan ke da shi.

A mataki na ƙarshe ana sa farin miski na masana'anta, itacen al'ul, da Ambroxan. Shi Ambroxan madadin ambar ne, wato abin nan mai daraja da ke fitowa daga cikin wata ƙatuwar dabbar teku, ya yi shekaru yana yawo a kan ruwa kafin a tsince shi a gaɓa. Yanzu ana samar da madadin daga wani ganye dangin na'a-na'a.

Dalilin sanya shi a lokacin zafi

Turare yana aiki ne ta hanyar tashi daga fata ya shiga iska. Idan zafi ya ƙaru, tashin yana ƙaruwa. Turare mai kauri irin na ud, banila ko kayan yaji, wanda a lokacin sanyi yake fita a hankali, a lokacin zafi yakan fito da yawa a lokaci guda, har ya takura wa mai shi da na kusa da shi, musamman a mota, aji ko ofis. Turare mai ƙamshin ruwa yana da ƙarancin irin waɗannan abubuwa masu nauyi, don haka ko ya bazu ba ya cika wuri.

Sanyin da ake ji iri biyu ne. Na farko na gaske ne amma gajere: mafi yawan abin da ke cikin kwalbar alkohol ne, wanda ke tafasa a digiri 78 a ma'aunin Salshiyas, kuma yayin da yake bushewa yana ɗauke zafi daga fata na 'yan daƙiƙu. Idan akwai na'a-na'a a ciki, sinadarinta yana taɓa jijiyoyin fata masu jin sanyi, sai mutum ya ji sanyi ko da zafin jikinsa bai sauka ba. Na biyu kuwa na tunani ne. Ƙwaƙwalwa ta saba haɗa ƙamshin kankana, kokwamba, lemo da sabulu da shan abu mai sanyi ko fitowa daga wanka. Shuɗin launin kwalba da hotunan teku a talla suna ƙarfafa wannan.

Turaren ba ya hana zufa, kuma ba ya kawar da warin jiki. Zufa da kanta ba ta da wari sosai. Warin yana zuwa ne idan bakteriyar fata ta farfasa abin da ke fita daga hammata da makamantanta. Fesa turare a kan jikin da ya riga ya yi wari yakan haifar da gauraye mafi muni, shi ya sa ake sanya shi bayan wanka.

Lokacin zafin da kamfanoni ke nufi shi ne na Turai da Arewacin Amurka, daga Yuni zuwa Agusta, kuma sabbin turarukan kan shiga shaguna kafin lokacin. A ƙasar Hausa waɗannan watanni damina ce. Abin da ya yi daidai da manufar shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai kan haura digiri 40. A irin wannan zafi mai bushewa turare marar nauyi yana gushewa da sauri fiye da yadda yake yi a inda aka haɗa shi, kuma wannan na cikin abin da ke sa wanda ya saba da humra ko turaren mai ya ga kamar turaren ba shi da inganci.

Ƙarfi da daɗewa

Rubutun da ke jikin kwalba yana nuna kimanin yawan man turare a cikin alkohol. Babu dokar da ta ƙayyade adadin, kuma kamfanoni sun bambanta, amma abin da aka saba shi ne: parfum kashi 20 zuwa 30 cikin 100, eau de parfum kashi 15 zuwa 20, eau de toilette kashi 5 zuwa 15, eau de Cologne kashi 2 zuwa 5, eau fraîche kuma kashi 1 zuwa 3. Mafi yawan fitattun turarukan ruwa na shekarun 1990 a matsayin eau de toilette suka fito.

Yawan mai ba shi kaɗai ke sa turare ya daɗe ba. Irin sinadaran ma yana da tasiri, domin man lemo ko an ninka shi zai riga miski tashi. Akwai kuma sabon hanci: idan mutum ya daɗe yana shaƙar ƙamshi ɗaya, hancinsa yakan daina sanar da shi, alhali na kusa da shi suna ji. Wannan ne ke sa wasu su yi ta ƙara fesawa har ya yi yawa.

Yadda ake sanyawa

Ana fesa shi a kan tsaftatacciyar fata da ta bushe, a wuya, ƙirji ko gwiwar hannu ta ciki. Busasshiyar fata ba ta riƙe turare, don haka shafa mai marar ƙamshi kafin fesawa yana ƙara masa lokaci, saboda sinadaran turare suna narkewa a cikin mai su rage saurin tashi. Tufafi sun fi fata riƙe ƙamshi tunda ba su da ɗumin jiki, amma turare mai launi na iya ɓata farin yadi ko alharini. A lokacin zafi fesawa kaɗan da safe da sabuntawa da rana ya fi fesawa da yawa a lokaci guda.

Wajen saye, abin da ake ji a mintunan farko shi ne lemo da 'ya'yan itace, waɗanda ke kama da juna a turaruka da dama. Bambancin yana fitowa ne bayan awa ɗaya ko biyu, don haka masu sana'ar ke ba da shawarar a gwada a fata a jira kafin a biya kuɗi. Saboda shaharar turaruka irin su Acqua di Giò da Cool Water, ana yawan yin jabunsu. Akwai kuma na kwaikwayo da ake sayarwa a fili da wani suna, ciki har da na mai marasa alkohol, waɗanda masu guje wa alkohol ke zaɓa. Na mai ba ya bazuwa da nisa kuma ba ya ba da sanyin farko, amma ya fi zama a fata.

Lafiyar fata

Haɗarin da ya fi shafar turaren lokacin zafi yana zuwa ne daga haɗuwar man lemo da hasken rana. Man bagamot, wanda mafi yawansa daga yankin Kalabiriya na kudancin Italiya yake fitowa, yana ɗauke da wani sinadari mai suna bagaftin. Idan ya taɓa fata sannan rana ta buge ta, yana iya jawo ƙuna da baƙin tabo mai siffar gangarowar ɗigon turaren, wanda kan ɗauki watanni bai ɓace ba. Man lemun tsami da aka matse ma yana da irin wannan hali. Ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, wadda aka kafa a 1973, ta ƙayyade man bagamot da ba a tace ba zuwa kashi 0.4 cikin 100 a kayan da ke zama a fata, kuma kamfanoni da yawa suna amfani da wanda aka cire wa sinadarin. Turaren jabu ko haɗin da ba a san tushensa ba ba shi da wannan tabbaci. Hanya mafi sauƙi ta kariya ita ce fesawa a inda tufafi ke rufewa.

Wasu mutane kuma fatarsu ba ta jituwa da wasu sinadaran ƙamshi, sai su sami ƙaiƙayi ko ƙuraje. Tarayyar Turai ta wajabta rubuta sunayen sinadarai 26 a jikin kwali idan sun wuce wani ɗan ƙaramin adadi, kuma a 2023 ta faɗaɗa jerin zuwa sama da 80. Ta haramta Lyral daga 2021 da Lilial daga 2022, sinadarai biyu masu ƙamshin fure marar nauyi da aka yi amfani da su sosai a turarukan shekarun 1990. Wannan na cikin dalilan da suka sa tsohuwar kwalba da sabuwa ta turare ɗaya kan bambanta a ƙamshi. Ƙamshi mai ƙarfi na iya tayar wa masu asma ko ciwon ɓarin kai da ciwonsu, kuma turare mai alkohol yana kama wuta, don haka ba a fesa shi kusa da murhu ko kaskon turaren wuta.

Adanawa

Zafi, haske da iska su ne ke lalata turare, kuma ɓangaren lemo ne ke fara lalacewa. Limonin, babban sinadarin ɓawon lemo, yana sauyawa idan ya haɗu da iska. Ƙamshinsa yakan koma tsami, kuma abin da ya zama ya fi saurin tayar da ƙaiƙayi a fata. Alamun lalacewa su ne duhun launi da sauyin ƙamshin farko. Ana ajiye kwalba a cikin kwalinta, a wuri mai duhu da sanyi, nesa da taga, kuma ba a barin ta a cikin mota da rana. Osmothèque, ma'ajiyar tarihin turare da aka kafa a 1990 a garin Versailles na Faransa, tana adana turarukanta a digiri 12, a cikin duhu, tare da cika saman kwalabe da iskar argon don hana iska taɓa su.

Suka

Masu sharhin turare sun sha sukar wannan rukuni da cewa turarukansa sun yi kama da juna, kuma suna tuna wa mutum sabulu da garin wanki fiye da teku. Sukar tana da tushe, tunda sinadaran da ke cikinsu su ne ake sakawa a kayan wanka da wanki. Wasu mutane kuma hancinsu ya fi kama ɓangaren ƙarni na Calone, har ba sa iya jure shi ko kaɗan. Masu kare rukunin suna cewa ya kawo sabon abu a sana'ar da ta daɗe tana zagaye furanni, itace da kayan yaji, kuma ya taimaka wajen rage katangar da ke tsakanin turaren maza da na mata. Cool Water, L'Eau d'Issey da Acqua di Giò duk suna nan a kasuwa har yanzu, kusan shekara talatin ko fiye bayan fitowarsu.